Mun Bar Matan Warwaji

Jiya ina zaune a rumfa na ji ɗayanku yana faɗa wa abokinsa wai yin garkuwa ba wani aiki ba ne, ƙirgin saniya ne kawai a jiƙa, a yanka, a shanya, a ɗaura masa mariƙi. Gaskiyarsa, don abin da kuke yi ɗin haka yake. Abin nan da kuke kira garkuwa, in ruwan sama ya same ta a hanya, kafin mayaƙi ya kai bakin gulbi ta zama ganda, karnukan gari suna bin dokinsa. An sha ba ni labarin waɗanda yunwa ta kama a sansani suka dafa tasu suka cinye, kuma sun ce ta fi amfani a tukunya. To tunda abin mai sauƙi ne, ku ajiye basilla ku ji yadda ake yin ta gaske, da dalilin da ya sa ba za ku taɓa yin ta ba ko da kun fi ni hannu.

Garkuwa ta gaske da fatar warwaji ake yin ta. Na san ba ku taɓa ganinsa ba, don har an tambaye ni a rumfar nan ko tsuntsu ne. Naman dawa ne, ya ɗara jaki tsayi, fari ne fat, sai wuya da ƙirji ja-ja kamar an sa musu lalle. Ƙahoninsa dogaye ne sirara, sun tanƙwara baya, in ya ɗaga kai har sukan taɓa gadon bayansa. Mazauninsa arewa ne, can inda ciyawa ke gajarta, amma da bazara in ruwa ya yi wuya yakan gangaro kudu garke-garke. Kawu Tunau, wanda ya koya mini aiki, ya ce da yana saurayi a Alƙalawa maharba kan fita su dawo da jakunansu suna nishi saboda nauyin fatu, har a riƙa zaɓe ana ture wasu gefe.

Ranar da Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi, kowa ya gudu da abin da ya fi so. Wasu sun ɗauki 'ya'ya, wasu tufafi, wasu Alƙur'ani. Kawu Tunau ya fito da kartajinsa a cikin riga, wannan ƙarfen kankare gashi da kuke gani rataye a can. Ya ce shi lissafinsa mai sauƙi ne: in Gobirawa za su rama, suna bukatar garkuwa, in ba za su rama ba, waɗanda suka ci su ma suna bukata. A Tsibiri aka ba shi ni bayan mahaifina ya rasu, daga baya muka taso tare da jama'a muka zo nan Sabon Birni lokacin ganuwa ba ta wuce ƙugu ba. Na daɗe a hannunsa ban taɓa wuƙa ba. Ɗebo ruwa, fiƙe turaku, korar karnuka da ungulu daga shanya, shi ne karatuna. Ku da kuke ƙorafin an sa ku share rumfa, ni na yi damina da rani ina faɗa da ungulu, kuma sau da yawa ita ke yin nasara.

Abu na farko da ya koya mini babban yatsa ne. Ya shimfiɗa fatu biyu, ya kama yatsana ya danna a wuyan ɗaya, ya danna a wuyan ɗayar. Ta farko ta lotsa, ta biyu kuwa kamar na danna ƙofa. Ta biyun ta namiji ce. Mazan warwaji da ƙahonin nan suke faɗa a kan mata, shi ya sa Allah ya kaurara musu fatar wuya da kafaɗa. Ta mace siririya ce, igiya da takalmi kawai take yi. Namiji ɗaya garkuwa ɗaya, ba ƙari; sauran jikin a yi dabaibayi da linzami.

Daga nan dokarmu ta fito, dokar da muke tinƙaho da ita fiye da aikin kansa: ba a kashe mace. Maharbin da ya kawo fatar mace, rataya masa ita ake yi a wuya a zaga da shi kasuwa, kuma babu baduku da zai sake sayen ko wutsiya a hannunsa. Muna zama a rumfa muna zagin mutanen wasu ƙasashe da ba su da tsari, masu harbin duk abin da ya gifta, muna gode wa Allah da ya yi mu Gobirawa masu hangen nesa. Kawu yakan ɗaga yatsa ya ce:

"Macce ita ka haihuwa. In dai an bar macce, warwaji ba shi ƙarewa har tashin duniya."

Na ji maganar ina ɗan yaro, na maimaita ta har gemuna ya fara furfura, kuma duk wanda na faɗa wa sai ya gyaɗa kai.

Garkuwar farko da na yi ni kaɗai ta wani ɗan sarauta ce da aka ba doki sabo. Fatar ta zo a bushe, an naɗe ta gashi waje. Na kai ta bakin gulbi na binne a cikin yashi mai laima. Nan ne wuyar take: sai ta fara wari gashi ke saki, in ta wuce haka kaɗan ta ruɓe, kuma babu mai faɗa maka sai hancinka. Na tono ta na ɗora a gungume na bi ta da kartaji, da ɗan nauyin hannu, don in ka ƙwarzane fuskar, nan kibiya za ta nema. Ba a sa mata bagaruwa. Jima tausasa fata take yi, garkuwa kuwa ba ta son taushi. Na tara yashi na yi masa tudu kamar cikin mai ƙiba, na kifa fatar a kai na kafe ta da turaku, don ta bushe da doro, kibiya in ta zo ta zame. Kowace safiya sai an sassauta wannan turke an ja wancan, don fata tana tsukewa, kuma ba ta tsukewa daidai. In ka yi lalaci rana ɗaya ta karkace, ta karkace ke nan har abada. Da ta kama jikinta na shigar da ita inuwa na riƙa shafa mata tsala, nonon da aka cire wa mai, ina gogewa da dutse mai santsi, har ta yi fari, in ka ƙwanƙwasa ta amsa. Sannan na yanka ta daga haɓar mahayi zuwa likkafa, na ɗinka mariƙi ta ciki da tsirkiyar jikinta. Basilla rabin kauri take shiga ta juyo, ba ta leƙa fuska.

Na kai wa Kawu ina jiran yabo. Ya juya ta, ya shinshina, ya shiga ɗaki ya fito da baka da kwari. Ya ce in je gindin tsamiya in tsaya a bayan garkuwar. Al'adarmu ke nan: wanda ya ɗinka shi ke tsayawa a baya ranar gwaji. Kibiyar ta daki garkuwar ta yi sama. Da a ce al'adar nan tana nan, da rabinku sun koma noman gero, sauran rabin kuma an yi musu sutura.

Masu saye kuwa iri biyu ne, kuma kada ku ɗauka jarumi ne ke ciyar da baduku. Jarumi garkuwa ɗaya ke isarsa shekara da shekaru. Ya kawo ka toshe huda, ka sake mariƙi, ya tafi. Matsoraci shi ne uban gidanmu. Da ya ga abin ya yi zafi sai ya jefar da garkuwa don doki ya yi sauƙi, ya shigo gari yana ba da labarin yadda takubba suka yayyanka ta a hannunsa har ba abin da ya rage. Kowane gudu sabuwar garkuwa, kowace sabuwar garkuwa namijin warwaji ɗaya. Mutanen Isa, da ke tsare da iyaka a madadin Sakkwato, su kuma su bi fili su tsince. Su ma Allah bai hana su nasu matsoratan ba. Akwai garkuwar da ta dawo hannuna gyara bayan ta sauya gari ban san sau nawa ba, ga layun malamanmu a gefe ɗaya, ga na malamansu a ɗaya gefen, duk an ɗinka don a kare mai ita daga mutanen ɗaya layar. Mun saɓa da mutanen Isa a kan sarauta da ƙasa da wanda ya fi wani sallah, amma a kan fatar warwaji bakinmu ɗaya, kuma fatake suna kai musu ta bayan fage kamar yadda suke kawo mana.

A cikin iyayen gidan nan nawa babu kamar Barde Jatau. Ƙato ne, murya kamar ganga, in ya hau doki mata har leƙe suke ta kan danga. Bai taɓa dawowa da garkuwa daga wurin da aka yi faɗa na gaske ba. In kuwa harin awaki aka je ya dawo da ita lafiya, kafin ya shiga gida sai ya biyo ta rumfata in ɗan huhhuda masa fuskarta da basilla, in cusa karyayyen kan kibiya a wuri ɗaya ko biyu. Ina yi masa. Aiki ne, kuma ni kaɗai ne baduku a garin nan da ya iya raunin da ya yi kama da na gaske.

Tsalar da nake shafawa wata Bafulatana ce ke kawo mini, sunanta Inno. Danginta suna kiwo a arewa, ita tana zaune a rugar bayan gari, kuma yaƙin da ake yi da sunan Fulani da Gobirawa bai taɓa hana ta ƙwaryarta ba. Wata rana ta iske ni ina yi wa wani baƙo bayanin dokarmu, na ɗaga yatsa irin na Kawu, wanda a lokacin ya riga ya rasu. Ta sauke ƙwarya ta saurara har na gama. Sai ta ce:

"To Baduku, matan nan da kunka bari, da wa za su haihuwa? Mu ko wawan makiyayi, in za shi sai da bijimai, shina barin guda."

Muka yi mata dariya. Na ce mata warwaji ba saniya ba ne, daji kuma ba ruga ba ne, maza suna can cike da dawa. Ta ce to, ta karɓi abinta ta tafi. Amma maganar ta zauna mini kamar tsakuwa a takalmi, don na riga na lura fatun da ke zuwa sun fara ƙanƙancewa. Da tsofaffin maza ake kawowa masu tabon faɗa a wuya, sai aka koma matasa, sai aka koma waɗanda ƙahonsu bai gama tanƙwara ba. Mu dukawa muka ce maharban zamani ne ba su da ƙafa.

Sai muguwar shekara ta zo. Maharbin da na fi dogara da shi, Arzika, abokina ne tun Tsibiri, mutum ne da ba ya dawowa hannu sake. Ya tafi arewa tun farkon rani, bai dawo ba sai da aka fara sharar gona, ya rame har na kusa wuce shi a ƙofa. Ya ce ya bi rijiyoyi har inda Buzaye ke shayar da raƙuma. Ya ga garke, ba ɗaya ba, ya kwanta a ciyawa ya duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk mata ne. Babu namiji, babu masu ciki, babu 'yan ƙanana sai guda ɗaya tak da karensa ya ware daga uwar. Shi ya ɗauro a kan jaki, don kunyar shigowa gari da igiya kawai. Ɗan maraƙi ne namiji, ƙahonsa bai fi ɗan yatsa ba. Arzika ya ce uban shi ne wanda ya harbo mini bara, wanda na yi wa Barde Jatau garkuwa da shi, wadda a lokacin tana can Isa a hannun wanda ya tsinta.

A shekarar rumfuna suka mutu. Wasu dukawa suka koma sirdi da takalma, wasu suka fara wannan ƙirgin saniya da kuka gada. Ni ma na yi, ina yi ina kau da kai.

Inno ce ta ɗauki zancen maraƙin da gaske. Ta ware masa saniya guda, kullum ta kawo madara da ɗumi, ta koya mini yadda ake sa masa yatsa a baki a cikin ƙwarya. Ita ta raɗa masa suna Ango, wai amare na can suna jiransa ba iyaka. Muka shirya mu uku: in kiwata shi a bayan gida har ya isa, danginta su riƙa lura da rijiyar da matan ke sauka da bazara, in lokaci ya yi Arzika ya ja shi ya kai musu. Ango ya girma da rashin kunya. Ya cinye dawar da aka shanya, ya huda tulu, ya yaga zana, ya kori jakina har kasuwa. Mai ɗakina ta ce ko shi ko ita a gidan, na ce ta yi haƙuri ita ai tana da dangi. Na so dabban nan, ba na ɓoyewa. In na dawo daga rumfa yakan zo ya ɗora haɓarsa a kafaɗata, ni kuma hannuna ya tafi wuyansa, babban yatsana ya danna da kansa ba tare da na sa shi ba. Kowane wata ina jin fatar tana ƙara tauri, raina yana ɓaci. Abin da ban yi tunani ba tun farko shi ne, lokacin da namijin warwaji ya isa aure shi ne daidai lokacin da ya isa garkuwa.

Ƙahoninsa suka fi danga tsayi a ranin da aka fara maganar za a kai hari wajen Isa. Saura kaɗan bazara, har mun sayi igiyar tafiya. Barde Jatau ya biyo ta bayan gidana a kan doki, daga sirdi kuwa ana ganin komai.

"Nomau," ya ce, "mi na wancan bayan danga?"

Na ce ɗan kiwo ne, ranka ya daɗe, bai isa komai ba. Ya sauka ya shiga ba sallama, ya danna wuyan Ango da nasa yatsan, don ya daɗe yana ganin ina yi. Na yi masa bayani tiryan-tiryan: shi kaɗai ya rage, matan suna tsufa, a ba ni bazara ɗaya kawai, bayan wasu shekaru kowane barde zai samu. Ya ce yaƙi ba ya jiran auren dabba. Ya ce abin kunya ne a ce mutanen Isa suna riƙe da warwaji, Bagobiri kamar shi ya fita da fatar saniya. Ban tuna masa yadda warwajin ya je hannunsu ba, don ina son kaina a inda yake.

Na kai ƙara wurin dattawan dukawa, tunda su ke riƙe da doka. Suka zauna a zaure suka sa aka maimaita musu dokar, suka tambaye ni ko dabban mace ne. Na ce namiji ne. Suka ce to ina matsalar? Malamin unguwarmu, wanda Ango ya sha cinye wa ciyawar tunkiya, ya zo don kansa ya tuna musu cewa ko Annabi Nuhu da zai shiga jirgi bai ɗebi mata zalla ba. Dattawa suka ce wannan zancen ruwa ne, namu zancen yaƙi ne. Wani a cikinsu ya ce daji da faɗi, tabbas akwai maza a bayan wani tudu da Arzika bai hau ba. Aka tashi a kan cewa doka ba ta karye ba, aka yi addu'a Allah ya ƙara wa Gobir tsari. Barde ya yi musu alkawarin naman.

Da safe ya aiko mutanensa da igiya. Arzika ya ƙi zuwa. Sun zo da wani mahauci da zai yi fiɗa, na kalli wuƙarsa na kalli hannunsa na ce ya matsa, ni zan yi. In dai za a yi, ba za a ƙwarzane fatar nan a gabana ba. Ango bai yi gardama ba, don ni na riƙe shi, kuma ya ɗauka haɓarsa zai ɗora. Ban ci abinci ba ranar, dattawa kuwa an ce har da neman ƙari.

Ban taɓa yin aiki irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Fata ce da ba ta san ƙaya ba, ba ta san ƙahon abokin faɗa ba, ba tabo ko ɗaya. Na kwana biyu ina zarya bakin gulbi ina shinshinar yashi. Turakun da kaina na fiƙe sababbi. Da lokacin tsala ya yi ban aika wa Inno ba, don ba ni da fuskar da zan kalle ta da ita. Sai ga ta da ƙwarya. Ta ajiye a bakin rumfa, ba ta zauna ba.

"Na saniyar da yas sha na," ta ce. "Shafa mishi."

Ba ta sake kawo mini nono ba har ta bar ƙasar.

Garkuwar ta fito fara kamar alli, in ka ƙwanƙwasa sai a ji a rumfa ta uku. Ranar da Barde ya zo karɓa na ɗauko baka na miƙa masa, na nufi gindin tsamiya kamar yadda aka saba. Ya daka mini tsawa wai kada a ɓata mata fuska. Ya sa aka naɗe ta a zane aka bi shi da ita, maroƙa suna gaba.

Ranar fita na je ƙofar gari, don ina son in ga aikina a kan doki ko sau ɗaya. Ga tambura, ga mata suna guɗa, ga Barde Jatau a gaba yana wasa da mashi. A hannunsa na hagu kuwa ƙirgin saniya ne, irin naku, har da sauran gashi a gefe. Na kutsa na kama likkafarsa na tambaye shi ina garkuwar. Ya dube ni kamar na yi hauka.

"Kai Nomau, kana da hankali kuwa? Ita kaɗai tar rage duk ƙasag ga. In kibiya ta huda ta, ina za ni samun wata?"

Tana zaurensa a rataye. Ni na san ba kibiya yake tsoro ba, halin hannunsa na jefar da garkuwa ya sani. Harin kuwa ba a ko kai ganuwar Isa ba. An kora wasu awaki a ƙauyen hanya, hadarin farko ya taso, aka juyo. Barde ya dawo ba garkuwa, ya ce takubba sun yayyanka ta.

A bazarar nan dangin Inno suka aiko cewa matan sun sauka rijiyar, suna tambaya ko muna tafe. Arzika ya je shi kaɗai, ban san me ya kai shi ba. Ya ce sun sha ruwa, sun tsaya suna kallon kudu, sun koma. Ya ci gaba da zuwa duk shekara, kowace shekara suna raguwa, ba wanda ya harbe su, tsufa ne kawai da kura. Ta ƙarshe wata tsohuwa ce mai karyayyen ƙaho, da ta rasa 'yan uwa sai ta shiga cikin shanun Fulani tana binsu kiwo. A cikinsu ta mutu. Da labarin ya iso rumfunan dukawa, wani dattijo ya ce alhamdu lillahi, ko a lahira za mu iya rantsuwa ba da hannunmu ta mutu ba.

Barde Jatau ya rasu a kan shimfiɗarsa da tsufa mai kyau. Garkuwar tana nan a zauren, ana nuna wa baƙi, ana ba su labarin yaƙoƙin da ta je. Bara babban ɗansa ya kawo mini ita, ɓera ya ci gefen ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Ya ce in cike da irin fatar. Na ce babu. Ya ce in nema. Na ce masa ko zai ba ni garin nan da ganuwarsa babu, an gama. Ya yi murmushin wanda ya san halin 'yan kasuwa, ya ce zai dawo ranar Juma'a.

Na samo wuyan tsohon bijimi, na binne, na kankare, na kafe, na sha wahalar goge shi da tsala har ya yi fari, na haɗa bakin da ɗinkin ciki yadda ido ba zai gani ba. Ranar Juma'a ya zo da abokansa. Ya juya garkuwar, ya kai babban yatsa daidai kan facin ya danna, ya dube su yana gyaɗa kai.

"Kun gani? Na san shina da ita ɓoye. Warwaji ba shi ƙarewa, ai an bar matan."

Na naɗe masa ita a zane, na ce ya riƙa rataye ta nesa da bango saboda ɓera.